Shekara uku ba nama a Jaipur, da kuskuren da har yau nake ji a ƙafata

Karatu ne ya kai ni Jaipur, a jihar Rajasthan ta Indiya, inda yawancin mutane ba sa cin nama. Wurin cin abincin ɗalibai ko ƙwai ba ya dafawa. Akwai mahauta Musulmi a cikin tsohon gari, amma da nisa, ni kuma ba na cin abin da ban tabbatar da yankansa ba. Madara kuwa tun ina yaro ba ta zama a cikina. Haka na koma wake, shinkafa, gurasa da ganye, ga garin zogale da kuka da Hajiya ke aiko mini duk sanda aka samu mai zuwa.

Shekara biyu na yi lafiya lau. A ta uku gajiya ta fara, harshena ya yi ja yana zafi, in na miƙe daga tahiya sai in ji kamar auduga nake takawa. Na ce ƙarancin jini ne, na shiga kantin magani na sayi ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da folik asid. Wata biyar ina sha. Na yi gwajin jini na yau da kullum, aka ce jinina ya cika, har na kira Hajiya na ce ta kwantar da hankalinta.

Wannan ƙwayar ita ta yaudare ni, kuma har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Sai da silifas ya fita daga ƙafata a kan titi ban ji ba, sannan na je wajen likita. Tambayarsa ta farko ita ce me nake ci, ta biyu me nake sha. Da na nuna masa kwalin sai ya girgiza kai. Folik asid yana gyara ƙarancin jinin da rashin bitamin B12 ke jawowa, gwaji ya fito da kyau, alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa a ɓoye, domin B12 ne ke kula da rufin da ke lulluɓe su. Da aka auna B12 ɗin shi kansa, nawa bai kai 150 ba, a ma'aunin da ƙasa da 200 ma ƙaranci ne.

Sauran dangin bitamin B duk ina samu a wake da gyaɗa da hatsi. B12 kaɗai ne ba ya cikin tsiro. Bakteriya ke yin sa, mu kuma muna samunsa a hanta, nama, kifi, ƙwai da madara. Zogale ba shi da shi, duk amfaninsa. Abin da ya sa ban farga da wuri ba shi ne hantar mutum tana ajiye na shekaru, wato tsire da kilishin da na ci a gida ne suka riƙe ni shekara biyun nan, ni kuma ina yabon wake.

Babban mutum maikurogiram 2.4 yake buƙata a rana, shi kuwa maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ɗan wannan! Ƙwai ɗaya yana ba da kamar rabin maikurogiram, kofin madara kuma maikurogiram ɗaya da ɗoriya. Wanda ba ya cin ko ɗaya, ƙwayar B12 ita ce mafita, maikurogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a mako, domin kaɗan jiki ke tsotsa daga babban awo. Tana da arha, kuma tana nan a kantin da na sayi wancan ƙarin jinin, ban dai san in tambaya ba.

An yi mini allurai, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta, kafin a mayar da ni kan ƙwaya. Harshe ya warke cikin makonni, ƙarfi ya dawo. Ƙafar ce ta ɗauki kusan shekara, kuma babban yatsana na hagu har yau rabinsa ba ya ji. Likitan ya ce da na zo wata biyar kafin nan, da wataƙila bai kai haka ba.

Ɗan yayata zai tafi can karatu bana. Na saya masa B12 na shekara guda na sa a jakarsa, na kuma ce masa duk ranar da ya ji ƙafarsa ta canza, likita zai nufa kai tsaye, kuma da bakinsa zai ce a auna masa B12.