Na ce a bar fitila a kunne

Aurena na biyu ne, kuma gidan mai mata zan shiga, shi ya sa ban tsaya nuƙu-nuƙu ba. Tun ana maganar sadaki na ce wa Alhaji sai mun je asibiti. Bai ja ba, domin a Kano tun 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, sai an duba ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila kafin a ɗaura. Abin da na ƙara da kaina shi ne mu shiga tare, a ɗebi jinin a kan idona, a buɗe mana sakamako muna zaune. Takardar da aka zaro daga aljihu ba na yarda da ita, ko ta wane ce.

Gwaggona, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ita ta zaunar da ni ana gobe tarewa. Ta ce, "Ke 'yar nan, takarda daban, ido daban. Kada ki yarda a kashe fitila." Sai ta shiga lissafo min. Gyambo guda mai taurin baki wanda ba ya zafi, a al'aura ko a leɓe, tunjere ne ake zargi. Yakan fito wajen mako 3 bayan kamuwa, ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi alhali cutar ta shige jini, daga baya ta dawo da ƙuraje marasa ƙaiƙayi a tafin hannu da na ƙafa. Akwai ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a dunƙule, akwai tsiro masu kaushi, akwai kaluluwa a matsematsi. Mugunya daga gaba, ko tabon ruwan ɗorawa a gajeren wando, ko ka ji mutum yana cije baki wajen fitsari, wannan ciwon sanyi ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Na duba kuwa, kuma na ga 'yan jajayen ƙuraje a mararsa. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya haɗe rai, ya ce reza ce. Na ce na yarda, amma mu haƙura a gani tukuna, ni ma ga ni ya duba ni yadda na duba shi. Wannan maganar ce ta sauko da shi. Likita ya tabbatar gashi ne ya lanƙwashe cikin fata bayan aski. Har yau yana min tsiya a kai, ni kuwa ko a jikina.

Sai dai likitan ya ja min kunne. Ya ce abin da ido ke kamawa kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kullum sama da mutum miliyan 1 ke kamuwa da irin waɗannan cututtukan jima'i da ake iya warkarwa, kuma yawancinsu ba sa ganin wata alama. Kilamidiya, ɗaya daga cikin cututtukan, takan zauna shiru a jikin mace har ta toshe mata hanyar ƙwai, a yi ta yawon neman haihuwa ana zargin kishiya. Gwajin ƙanjamau na gaggawa ma yana iya kai wata 3 bai nuna sabon kamu ba, don haka muka koma aka sake mana.

Wurin da ya fi wuya shi ne uwargida. Miji ɗaya muke da shi, abin da ya shiga ɗaki ɗaya zai ƙetara ɗayan. Ban aika Alhaji ba, da kaina na same ta na ce, "Yaya, ga nawa sakamakon, ki gani." Ta jujjuya takardar ta yi shiru, sannan ta ce yaushe zan raka ta. A can aka ga babu wadda ta taɓa yin rigakafin ciwon hanta nau'in B a cikinmu, aka fara mana allurar, guda 3 ce cikin wata 6, kuma Alhaji ne ya biya.