Abin da gasar karta ta koya mini a kan rudun albasa

A shekarata ta biyu a jami'ar Tawa, sashen tattalin arziki, malaminmu na lissafin yiwuwa ya raba mana aikin bincike. Wasu suka samu inshora, wasu hasashen damina. Ni da na buɗe takardata sai na ga gasar poka ta duniya (poka wani wasan karta ne da ake zuba kuɗi), wadda ake yi kowace shekara a Las Vegas ta Amurka. Raina bai so ba. Na bi shi har bakin ofis na ce, "Malam, wannan ai caca ce." Ya ce, "Caca ce, ɗana, kuma ban ce ka zauna ka buga ba. Likita ma cuta yake karantawa. Je ka ƙirga, ka dawo ka gaya mini abin da ka gani."

Har yau ban taɓa buga ta ba, kuma ba zan buga ba. Hukuncinta a bayyane yake a aya ta 90 ta suratul Ma'ida. Amma wata biyu da na yi ina bin tarihin gasar sun gyara mini ido a kan sana'ar gidanmu.

An fara gasar a 1970 a gidan cacar Benny Binion, da mutanen da ba su cika tebur biyu ba. Kuɗin shiga babban wasan gasar, wanda ake fitar da zakara a cikinsa, dalar Amurka 10,000 ne, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato sama da miliyan biyar na sefa. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya samu kujera ta hanyar ƙaramar gasa a intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya doke mutum 838, ya tafi gida da miliyan 2.5. Labarinsa ya ja jama'a kamar zuma: a 2006 masu shiga sun kai 8,773. A 2023 Daniel Weinman ya ci miliyan 12.1 cikin mutum 10,043, a 2024 kuma Jonathan Tamayo ya ci miliyan 10 cikin 10,112.

Waɗannan su ne fuskokin da ake nunawa idan gasar ta ƙare, da munduwar zinari da tulin kuɗi a gabansu. Malam ya karanta shafina na farko ya maido mini, ya ce, "Ka ba ni labarin mutum ɗaya. Ina sauran dubu goman?" Da na duba, kusan 15 cikin 100 ne kawai ake biya wani abu. Sauran sun bar kuɗinsu sun fita, kuma masu gida sun riga sun cire rabonsu tun kafin a raba karta.

Inda na fi daɗewa shi ne lissafin kartar kanta. Karta 52 ce, ana ba kowa biyu a ɓoye. Hanyoyin haɗa biyun 1,326 ne, shida daga ciki ne as biyu (as ita ce kartar da ta fi kowace daraja), hannun da ya fi kowane ƙarfi a farkon wasa. Sau ɗaya ke nan cikin 221. To ko ka samu wannan hannun, ka zuba duk abin da ke gabanka, abokin karawarka na riƙe da tagwayen da ba su kai naka ba, kusan sau huɗu cikin biyar za ka ci. Na biyar ɗin nasa ne. Idan kuwa sai ka tsallake irin wannan karo sau biyar a jere kafin ka kai ƙarshe, damarka ta sauko zuwa kusan 33 cikin 100. Na maimaita lissafin sau uku a bayan kaye don ban yarda ba. Mutum ya yi daidai kowane karo, amma fitarsa ta fi zamansa kusa.

Shi ya sa tun da Johnny Chan ya ci babban wasan a 1987 da 1988, ba a sake samun wanda ya ci sau biyu a jere ba. A filin kokowa ba haka abin yake ba. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don ƙarfi da dabara a jikinsa suke. A teburin karta gwaninta tana nan, amma sai an tara wasanni masu yawa take fitowa. Dare ɗaya ba ya shaidar kowa.

Labarin Stu Ungar ya hana ni barci. Sau uku ya ci babban wasan, 1980 da 1981 da 1997, masana na sa shi cikin waɗanda suka fi kowa iyawa. A 1998 aka tarar da gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, miliyoyin sun tafi a ƙwaya da wasu cacar. Ya iya karanta abin da ke hannun kowa, bai iya ajiye abin gobe ba. Na tuna da shi duk lokacin da na wuce rumfunan da samarinmu ke cika takardar ƙwallo da ta tseren dawakin Faransa, ana ta ambaton mutum ɗaya da ya taɓa ci a unguwa.

Bayan na gama karatu na koma riƙe wa kawuna lissafi. Albasa yake saye a wajajen Galmi lokacin girbi, sa'ad da take arha, ya zuba a rudu, ya jira farashi ya tashi bayan damina. Wannan kasuwanci ne halal, akwai kaya, akwai gumi, akwai masu ci. Amma rashin sanin gobe iri ɗaya ne. Wata shekara laima ta shiga, albasa ta ruɓe da yawa, ya yi asara. Ƴan'uwa suka ce ya yi wauta. Wani maƙwabcinsa da ya ci bashi ya zuba komai a rudu ɗaya wata shekarar, ya dace, aka dinga kiransa mai ido.

Na ɗauko tsofaffin littattafan kawu na shekara tara, na jera. Ajiya ta biya shi a bakwai, ta cuce shi a biyu. Na ce, "Kawu, shawararka ba ta da laifi. Shekarar ce ta zo a haka. Laifin da na gani ɗaya ne: kana zuba jarin duka, har kuɗin hatsin gida." Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Ɗana, arziki na Allah ne." Na ce, "Haka ne, Kawu. Shi ne kuma ya ce a ɗaure raƙumi." Ya gyara mini cewa wannan maganar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na karɓi gyara.

Bana ya sayar da kashi ɗaya cikin uku tun a gona, ya sayi hatsin shekara, ya biya ƴan aiki. Sauran ya raba rudu biyu a wurare daban. Ranar Lahadi, bayan an tashi kasuwa, za mu je mu buɗe na farko mu tsince waɗanda suka fara laushi.