Yau arba'in, har yanzu ba a san wanda ya kashe shi ba

Gusau, Alhamis da dare.

Yau aka yi addu'ar arba'in ɗin yaron maƙwabtanmu. Tun la'asar na dawo amma sai yanzu da yara suka yi barci na samu na zauna, kaina kamar zai tsage. Tun asuba muke gidan, ni da Yaya muka kama suyar waina, tanda biyu, maza na waje kan tabarmi malamai na sauka, almajirai sun cika ƙofar gida da robobinsu. Komai ya tafi yadda aka saba, amma wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya.

Shekararsa 16 fa. SS2 yake, in ya taso makaranta sai ya wuce wani shago a Tudun Wada inda yake koyon gyaran waya. Ranar da ya ɓace bayan magariba ne aka kira shi a waya, ya ce ma ƙanwarsa ta rufe masa tuwonsa yanzu zai dawo, ya zura silifas ya fita. Shikenan fitar kenan.

Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne addu'ar da muka riƙa yi a kwanakin nan, wai Allah ya sa masu garkuwa ne suka ɗauke shi. A Zamfara yanzu ko yaro ya san yadda abin yake tafiya, za su bugo, a yi ta ciniki, a haɗa kuɗin fansa, wani lokaci su ce a ƙara da katin waya ko mai ko babur, in da rabo mutum ya dawo. 'Yan matan Jangebe su 279 da aka kwashe a Fabrairun 2021 ai sun dawo cikin 'yan kwanaki, da irin wannan muke ta ba mahaifiyarsa baki. Babansa kuwa kwana huɗu yana zaune a zaure da waya a hannu jone da fawa banki kar caji ya ƙare, har ya sa an fara taya gonarsa, duk ƙarar da wayar ta yi sai gidan ya yi tsit. Ba wanda ya bugo. Rana ta biyar masu haƙar ƙasar bulo a bayan gari suka gan shi cikin rami, an ɗaure masa hannu ta baya da igiya. Ba waya a jikinsa.

A ranar aka yi masa sutura kafin la'asar. An ce a bari likita ya duba gawar, babansa ya ce ba zai iya ƙara kwana da ɗansa a waje ba a halin da aka same shi. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, nima da nawa ne ƙila haka zan ce, amma dai ina yawan tunanin abin da aka rufe tare da shi wanda da ya nuna hanya.

To yau ana cikin raba waina sai wata baƙuwa ta ce ai aikin 'yan bindiga ne, Allah ya isa, sauran mata suka amsa. Ni kam kasa shiru na yi. Na ce Hajiya ki yi haƙuri, wane ɗan bindiga ne zai kira yaro a waya da magariba a tsakiyar gari, yaron ya fita da silifas ko tsoro babu, kuma a ƙi neman ko sisi? Muryar da ya sani ce ta kira shi. Yaya ta taka min ƙafa na yi shiru, amma maganar na nan. Mun saba da mutanen daji har ya zama duk gawar da aka tsinta su ake jingina ma, a ce sai addu'a, a watse, shi kuma wanda ya yi yana cikinmu yana yawonsa. Hanifa ta Kano da aka sace a Disambar 2021 wa ya kashe ta? Mai makarantarsu ne, wanda ta sani ta yarda da shi. Shi an kama shi don ya nemi kuɗi, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Namu ko wannan zaren babu.

Kuma lambar da ta kira shi fa? Tun ƙarshen 2020 aka tilasta mana haɗa layin waya da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, muka sha layi cikin rana, aka ce duk wanda ya yi laifi da waya za a gano shi. Babansa ya yi ta sintiri inda ya kai rahoto, ya ba da sitatimen, ya ba da kwalin wayar, kullum amsa ɗaya, ana kan bincike. An tsare abokansa biyu kwana uku aka sake su, ba a samu komai ba. Amma unguwa ba ta sake su ba. Uwar ɗaya daga cikinsu ta shigo yau da kwanon gumba, ta yi sallama sau biyu kafin a amsa mata ciki-ciki, ta tsuguna a bakin ƙofa ta yi gaisuwa ta tashi idonta jawur. Ta ba ni tausayi sosai, ɗanta ko makaranta ya daina zuwa. Ni kaina da na leƙa ta zaure na ga maza jere ana shafa fatiha sai da zuciyata ta ce ƙila wanda ya kashe shi yana cikinsu, na yi ta istigfari don zato zunubi ne.

Sai da mutane suka ragu na shiga ɗakin Inna, haka duk muke kiran mahaifiyarsa. Akwai naira 700 da yake bina, cikon kuɗin gyaran wajen cajin wayata, wannan da nake rubutu da ita, ya ce Anti ki bari sai kin samu. Kwana arba'in da biyar kuɗin na cikin jakata na kasa kaiwa. Na ajiye mata kan tabarma na faɗa mata ko na mene ne.

Ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, kuma duk zaman makokin nan ba wanda ya ga hawayenta, sai carbi kawai. Ta daɗe tana kallon kuɗin. Ta ce, ɗiyata ni na yarda da ƙaddara, kwanansa ne sunka ƙare, amma ina son in san mi yay yi masu, in bashi ne ai da sun zo min in biya. Na rasa me zan ce mata, na ce Allah ya tona asirinsu Inna, ta ce amin.

Ta ƙulle kuɗin a bakin zanenta, ta ce gobe Juma'a za ta sa a sayo ƙosai a raba ma yara. Da zan fito na ga yunifom ɗinsa har yanzu yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, da biro a aljihun gaba. Ranar Litinin babansa zai sake komawa a kan maganar lambar nan, maigidana ya ce zai raka shi.