Safiya a bakin kanal ɗin Kadawa

Jiya da asuba na kama hanyar Kadawa da ke jihar Kano don in ɗauki hoton kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam ɗin Tiga. Na daɗe ina wucewa ta nan a mota, ban taɓa tsayawa ba sai jiya.

Da na isa, hazo bai gama tashi ba, ruwan kuma ya kwanta luf kamar madubi. Hotunan farko a tsaye na ɗauka, duk suka fito ba armashi. Sai na durƙusa, na kai wayar dab da ruwa har laka ta ɓata mini gwiwar wando. Nan ne fa inuwar giginya da jan sararin sama suka fito a cikin ruwan. Na goge gilashin kyamarar da bakin riga, na jira wani balbela ya sauka a gefen ciyawar kachalla, na danna.

Wani dattijo na buɗe wa fadamarsa ruwa, na gaishe shi na ce, "Baba, in ɗauke ka?" Ya ce, "Ɗauki, yaro, amma ka haɗa da tumatirin."

Tun 1974 da aka kammala Tiga ruwan nan ke ciyar da Kura, Bunkure da Garun Malam. Abin da ya sosa mini rai shi ne ledoji da kachalla da suka fara shaƙe wani ɓangaren. Wannan ma na ɗauka, ban kauce masa ba.

Ƙarfe takwas rana ta yi ƙarfi, hasken ya baje, na mayar da wayar aljihu.