Rukunin Gidajen da Alhaji Bai Bari Ba

Watana uku da fara aiki a ofishin wani lauya a Kano na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aikina buga takardu ne da tafinta, tunda wasiƙun da Turanci suke zuwa, masu su kuwa da Hausa suke son ji. Ran nan iyalan wani Alhaji suka zo da wasiƙar banki, matan ba su daɗe da fita takaba ba. Uwargida ce da amarya da manyan 'ya'ya maza biyu. Maigidana yana kotu. Maimakon in ba su kujera in ce su jira, sai na karɓi takardar na hau fassara, ina ji da kaina.

Na iso kan kalmar "estate", an haɗa ta da sunan marigayi. Ni kuwa iyakar sanina da ita shi ne irin Kundila a nan Kano ko Gwarimpa a Abuja: gidaje a jere, gini iri ɗaya. Ban ko numfasa ba na ce, "Bankin yana magana ne a kan rukunin gidajen marigayi."

Ofishin ya yi tsit. Uwargida ta juya a hankali ta dubi amarya.

"Ɗan nan, sake karantawa. Rukunin gidaje a ina?"

Babban ɗan ya ce shi dama ya san akwai abin da ake ɓoye musu. Amarya ta hau rantsuwa tana kuka. Cikin wannan hali Barista ya shigo, ya karɓi takardar, ya duba ta sau ɗaya ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, babu wasu gidaje. Tarika ake nufi, wato duk abin da marigayi ya bari." Wasiƙar ma ba albishir ta kawo ba. Ragowar bashi bankin yake bi.

Da suka tafi bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka tambaya."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san tarika tun ina zaure gaban malam. Na san a cikinta ake fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in dai ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su raba abin da ya saura kamar yadda aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i suka tsara. Na san matan mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni ɗaya suke rabawa, ko ita kaɗai ce ko su huɗu ne. Abin da ban sani ba shi ne Bature yana da kalma guda da ta tattaro wannan duka: gida, gona, keke, kuɗin asusu, kuɗin sallama daga wurin aiki, bashin da mamaci yake bi, har da wanda ake bin sa. Mutumin da ya mutu bai bar komai ba sai tabarma da bashin mai shayi, shi ma a takarda yana da "estate".

A wannan fanni na ga rikici iri-iri. Wanda ya fi yawa shi ne na mutumin da aka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin makusanci. Sai ya zo yana tafiya da ƙafa ɗaiɗai, a zatonsa kuɗin nasa ne. Ba nasa ba ne. Shi wanda za a nema ne in wani abu ya faru, kuɗin kuwa na dukan magada ne, kuma banki ba ya sakin su sai an kawo takardar kotu da ta nuna wanda aka ɗora wa kula da dukiyar.

Ma'ana ta biyu ta fi wuyar shiga kai, kuma sai da na fara karatun lauya na yamma na gane ta. A dokar Ingila, tun bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar a 1066, ana ɗaukar ƙasa duka ta sarki ce. Abin da mutum yake da shi ba ƙasar ba ce, riƙo ne a kanta, kuma wannan riƙon shi ake kira "estate". Akwai riƙon da ba ya ƙarewa, ana gadonsa ana sayar da shi. Akwai na iya rayuwa, ranar da mai shi ya cika ya koma hannun wani. Akwai na haya mai adadin shekaru. A 1925 dokarsu ta rage manyan nau'o'in zuwa biyu, na dindindin da na shekaru.

Ina wannan karatu sai na ga ai a gida ma haka muke. Dokar amfani da filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mu a Arewa ba baƙon abu ba ne, tun shelar Turawa ta 1910 da dokar 1962 ake kan wannan tsari. Takardar da muke kira ta mallaka, muna ɓoye ta a ƙasan akwati, in ka karanta ta da kyau izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ba ta cika a doka sai gwamna ya amince. Na sha gaya wa masu sayen fili haka, su dube ni kamar na zage su.

Ta ukun kuwa a tarihin Faransa na haɗu da ita. Kafin juyin juya hali an kasa mutanen ƙasar kashi uku, kowane kashi ana kiransa da wannan kalma: malaman coci, sai masu sarauta, sai sauran jama'a, waɗanda su ne kusan kowa da kowa kuma su ne haraji ya fi danne wa. Da baitulmali ya bushe, Sarki Luwi na 16 ya kira majalisar rukunan uku a Basai, garin fadarsa kusa da Paris, ranar 5 ga Mayu 1789, karo na farko tun 1614. An ninka wa rukuni na uku wakilai, amma aka so a ci gaba da ba kowane rukuni ƙuri'a ɗaya, ka ga biyu za su riƙa kayar da ɗaya ke nan. Wakilan rukuni na uku suka ƙi. Ranar 17 ga Yuni suka ce su ne majalisar ƙasa, ba a yi wata guda ba aka fasa kurkukun Bastil. Laƙabin da 'yan jarida suke tinƙaho da shi na rukuni na huɗu, a kan wannan lissafi aka ɗora shi.

Nan ma saura ƙiris in sake faɗawa rami. A jarrabawa na so in kira rukuni na uku talakawa, don kunnena ya saba da yadda jam'iyyar NEPU da Malam Aminu Kano suka raba masu sarauta da talakawa. Akwai kama, amma ba ɗaya ba ne. Cikin rukuni na uku har da attajirai da likitoci da lauyoyi irin maigidana, Robespiya kansa, ɗaya daga cikin jagororin juyin, lauya ne daga garin Aras. Ba aljihu ake dubawa ba, matsayin da doka ta ajiye mutum ake dubawa. Asalin kalmar ma ke nan, daga Latin ta bi ta tsohon Faransanci, ma'anarta matsayi ko halin da abu yake ciki. Daga nan na ga zaren da ya ɗinke su: matsayinka cikin jama'a, matsayinka a kan ƙasa, da abin da ya rage a matsayinka bayan an kai ka makwanci. Rukunin gidajen da na sani shi ne auta a cikinsu.

Iyalan Alhaji dai an sayar da motarsa an biya banki, aka raba gida da shago a gaban alƙali. Amarya ba ta sake yi mini magana ba. Uwargida kuwa takan leƙo ofis kan takardun haya, kuma ba ta taɓa fita ba tare da ta tsaya a teburina ba.

"Ɗan nan, har yanzu ba a gano rukunin gidajen namu ba?"

"Ana nan ana nema, Hajiya."