Wasiƙa daga Kumasi: ina yaran Zango ke nufa bayan makaranta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Duk wanda ya bugo mini waya daga Kano ko Katsina, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce: yaran nan suna karatu kuwa? Suna yi, alhamdu lillahi, fiye da yadda iyayensu suka yi. Abin da ke hana iyaye barci a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango shi ne inda yaro zai dosa ranar da ya gama.

Kakannin wasu daga cikin yaran nan fataken goro ne da suka biyo hanyar Gwanja, suka gangaro Kumasi bayan yaƙin Salaga na 1892. Wasu kuma jikokin waɗanda korar baƙi ta 1969, zamanin Firayim Ministan Gana Busia, ta bari a baya ne. Yaro na yin Hausa a gida, Tonanci a kasuwa, Turanci a aji, ga makarantar allo da yamma. Bai taɓa taka Najeriya ba, ɗan Gana ne haihuwa da girma. Amma in ya je yin katin ɗan ƙasa ya ce garinsu Kumasi, sau da yawa sai an sake tambayarsa: to asalinku fa? Babu katin kuma babu rajistar layin waya, babu asusun banki, balle a yi maganar aikin albashi.

A da dattawa sun guji boko don tsoron makarantun mishan. Wannan ya ragu tun da gwamnati ta kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a 1987, sai kuma aka mayar da babbar sakandare kyauta a 2017. Yanzu za ka ga ɗan mai sayar da goro ya ci jarrabawa ya shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke nan Kumasi, ya yi bautar ƙasa ta shekara guda. Daga nan sai zama. Ubansa ya san kowa a kasuwar Kejetia da kara, amma bai san mutum ɗaya a banki ko ma'aikata ba. Abokin karatunsa Batone yana da kawu a ofis, yana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai jan hannun nata. Namu sai majalisar shayi, da digiri a ƙarƙashin katifa.

Wanda bai yi nisa a boko ba, galibi Suame Magazine, babbar unguwar makanikai ta Kumasi, ake kai shi koyon kanikanci. Uba zai biya kuɗin shiga, ya danƙa shi ga maigida. Shekarar farko wankin noti da fetur ne, da miƙo sifana, da sayo wa manya abinci. Sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya kwance inji shi kaɗai. Ranar yaye a yi biki, a sa albarka, washegari ya tashi ba kayan aiki, ba rumfa, ba jari. Da yawansu a nan suke sakin sana'ar da suka sha wuya a kanta, su karɓi keke mai ƙafa uku da ake kira pragya, suna kai wa mai shi balas kullum. Ni wannan ya fi yi mini ciwo, domin hannun ya riga ya iya.

'Yan mata kuwa tun kafin asuba suna taya uwa damun koko da suyar ƙosai, su isa aji a makare da gajiya. Dillalai na zagayawa da alkawarin aikatau a ƙasashen Larabawa, duk da hanin da gwamnati ta yi a 2017 bayan labaran cin zarafi. Samari na lissafin hanyar Agadas zuwa Libiya, ko kuma ƙwallo, kowa na hangen Mohammed Kudus da ya fito daga Nima a Akara.

An kafa asusun raya Zango da doka a 2017, an yi ajujuwa da filayen ƙwallo, mun gode. Sai dai gini ba ya kama hannun yaro ya kai shi gaban mai ɗaukar aiki. Wannan aikin namu ne, musamman waɗanda suka samu suka tashi daga Zango suka koma sababbin unguwanni, ba sa leƙowa sai sallah ko jana'iza.

Ku ma na gida kuna da rabonku. Yaron da ke koyon sana'a ba shi da abin aikowa, ku daina auna shi da cewa ai yana ƙasar waje. Yarinyar da ke aji biyu na babbar sakandare, kada a aiko daga gida cewa an yi mata miji, a bari ta rubuta jarrabawarta. Alhazan da ke kawo albasa da shanu nan Kumasi kuma, kuna buƙatar mai riƙe muku lissafi wanda ke jin Hausa da Tonanci da Turanci. Ga su nan a Aboabo, ku tambayi limamin unguwa ko sarkin Zango, za a haɗa ku da su.

Ku gaishe da kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Kumasi