Abin da ya sa matar talabijin ba ta barin falo

Daga Agege zuwa Idi-Araba a Legas, abin da gidajen Hausawa suka fi kunnawa da dare shi ne Arewa24 ko Africa Magic Hausa, sai fina-finan Indiya masu fassara. Ka lura da macen da ke ciki: ko tana kishi, ko tana kuka, ko tana girki. An saba ɗora wa al'ada laifin, alhali kaso mai tsoka na matsalar lissafin kuɗi ne.

Rigimar kishiyoyi arha gare ta wajen ɗauka. Hayar gida ɗaya, kyamara, fitilu, 'yan wasa uku, a wuni guda an kammala fitowa da yawa. To ka ce za ka nuna mace mai sarin tumatir a kasuwar Mile 12. Sai ka nemi izinin shugabannin kasuwa, ka sallami zauna-gari-banza, ka ɗauki hayar mota. Hon ɗin motocin haya na danfo da ƙarar janareta su cinye sauti, dole a koma sutudiyo a sake ɗora murya. Kafin a gama, rana ta karkata, haske ya sauya, fitowar safe ba ta haɗuwa da ta yamma. Furodusa ya buga lissafi, ya ce wa marubuci a mayar da ita cikin gida. Shi ke nan, 'yar kasuwa ta koma matar Alhaji.

Talla ma haka take. Daƙiƙa 30 ba ta isa a gina hali, sai a ɗauko hoton da kowa ya riga ya sani: uwa da tukunya, uwa da bokitin wanki. A 2022 hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta hana sa fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan Najeriya. Fuskoki sun sauya, aikin da ake ba su yana nan. A fina-finan kudu kuwa Bahaushe maigadi ne, Bahaushiya ko inuwarta da wuya a gani, duk da matan da ke sarin atamfa a Balogun suna aikawa Kano.

Gyaran ba sai an fita titi ba. A falon nan, a ba ta littafin bashi da waya, a ji tana ciniki da direban tirela, kuma shawarar da za ta juya labarin ta fito daga bakinta. Ko sisi ba zai ƙaru a kasafi ba, shafi biyu ne marubuci zai sake.